Yadda za ka binciki tufafin Turawan da ba tare da kayan fim sun ruɗe ka ba

In ka shiga Google ko Pinterest kana neman irin kayan da Turawa ke sawa a zamanin da, abin da zai fara fito maka rabi kayan fim ne, sauran kuma hotunan da AI ta haɗa, ka ga mace sanye da karan-miski mai zif a baya wai ita 'yar shekarar 1200 ce. To in kai tela ne mai son ganin yadda ake yanka riga tun kafin a san keken ɗinki, ko ke ɗaliba ce an ba ki aiki kan tarihin sutura, ko kuna shirya wasan kwaikwayo ne kuna son kayan su yi kama da na gaske, waɗannan hotunan ba inda za su kai ku. Akwai hanyar da masu wannan harkar ke bi, ba ta da wani wahala sosai, haƙuri kawai take so da kuma ɗan data.

Abu na farko, ka rage faɗin tambayar. Kada ka ce "kayan Turawan da", wannan ba tambaya ba ce, tsakanin Ötzi mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ya rayu wajen shekara 3300 kafin Miladiyya da hular fatar beyar da takalmi cushe da ciyawa, da kuma matar sarkin Florence ta ƙarni na 16, akwai shekaru kusan dubu biyar. Ka tsayar da abu huɗu: wane gari ko yanki, wane shekaru (in da hali kada su wuce talatin zuwa hamsin), namiji ko mace, sannan mai kuɗi ko talaka. "Matar ɗan kasuwa a Bruges wajen 1430" tambaya ce da za a iya amsawa. Kuma ka sani tun yanzu, in ka zaɓi talaka aikinka ya ninka, don talaka yana sa rigarsa har ta mutu, a yanka ta a yi wa yaro, daga nan ta koma tsumma, ba mai ajiye ta kuma ba mai biyan kuɗi a zana shi.

Shaidar da za ka yi aiki da ita iri uku ce: kayan da suka tsira har yau, hotuna da gumaka na lokacin, da kuma rubuce-rubuce. Kowacce akwai inda take faɗin gaskiya akwai inda take ɓoyewa, shi ya sa ba a riƙe guda ɗaya a ce an gama.

Ni dai a ganina da yadin kansa ya kamata a fara, ko da kuwa guntun ƙyalle ne, don shi kaɗai ne zai nuna maka ɗinki. Sai dai ka fara tambayar kanka me ya sa wannan ya tsira sauran suka ruɓe. A ƙasashen arewa irin su Denmak akwai fadamu masu laka mai tsami, wannan lakar tana riƙe ulu da fata amma tana cinye lilin da duk zaren da aka samu daga tsiro. Saboda haka in ka duba kayan da aka tono a can sai ka ɗauka mutanen ulu kawai suka sani, alhali rigar ciki ce ta narke. Haka launi ma, duk abin da ya kwana cikin laka shekara dubu biyu ruwan ƙasa yake komawa, sai mai kallo ya ɗauka mutanen da kullum cikin kaya masu dauɗa suke. Matar Huldremose da aka tono a Denmak a 1879, siket ɗinta yanzu ruwan ƙasa ne, amma da aka gwada zaren a ɗakin gwaji sai aka gano asalinsa shuɗi ne, mayafin kuma ja. A Hallstatt ta Ostiriya gishiri ne ya adana ƙyallayen cikin ramukan haƙar gishiri, har launinsu da zanen daransu ana gani. A Masar kuwa rairayi da bushewa ne, shi ya sa in kana son ganin rigar zamanin Romawa sukutum da ratsinta biyu daga kafaɗa zuwa ƙasa, Masar za ka nufa da bincikenka ba birnin Rum ba.

Wurin da na fi so mai koyo ya daɗe a kansa shi ne Herjolfsnes, can kudancin Girinlan. A 1921 wani masani ɗan Denmak, Poul Nørlund, ya tono maƙabartar Turawan arewa da suka zauna a wurin, su kuma saboda itace ya yi musu ƙaranci ba kowa ake yi wa akwati ba, sai a naɗe mamaci da tufafi a binne, sanyin ƙasar ya riƙe kayan. Riguna ne na ulu na ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, da huluna masu rufe wuya da kafaɗa da dogon jela a baya, kuma na mutane ne irin na yau da kullum, manoma da makiyaya. In ka samu zanen yankan ka zuba masa ido za ka ga dabarar: gaba da baya miƙaƙƙu ne, sai a tsaga a cusa ƙyallaye masu kusurwa uku daga ƙugu zuwa ƙasa don rigar ta buɗe, a sa wani ƙaramin ƙyalle a wajen hammata don hannu ya samu ɗagawa, kusan ba abin da ake zubarwa daga yadin. Duk telan da ya taɓa haɗa taguwa ta saƙi da hannu zai gane lissafin nan take, mutumin da ya kaɗa zaren da kansa ya saƙa ba ya wasa da ko ɗan yatsa ɗaya na yadi. Littafin Else Østergård na 2004, Woven into the Earth, shi ne ya bi kayan nan ɗaya bayan ɗaya har da irin ɗinkin bakin wuya.

Akwai wasu da ya kamata ka san sunansu don ka nema: mutumin Bocksten na Suwidin da aka samu a 1936 da cikakkiyar shigarsa ta ƙarni na 14, rigar Charles de Blois, wani basaraken Faransa na wannan ƙarnin na 14, mai maɓallai reras da ke gidan tarihin yadi na Lyon, takalma da rigunan fata na jirgin Mary Rose da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, da kuma abin da aka samu a gidan sarauta na Lengberg a Ostiriya a 2008, wanda ya ba kowa mamaki, don cikin tarkacen da aka cusa ƙarƙashin daɓe an samu rigunan mama na lilin, gwaji ya nuna na ƙarni na 15 ne, alhali littattafai da yawa sun riga sun rubuta cewa ba a san irinsu ba sai ɗaruruwan shekaru bayan haka. Ka ga kenan littafin da aka buga kafin 2012, lokacin da aka sanar da abin, ba zai gaya maka wannan ba, don haka ka riƙa duba shekarar bugu.

Kuma ka koyi karanta bayanin da masu tona ƙasa ke rubutawa ƙarƙashin ƙyalle, da farko zai yi maka kamar lissafi amma abu uku ne kawai. Za su ce zaren murɗin S ne ko na Z, wato ta wane ɓangare aka murza mazari. Za su faɗi irin saƙar, ko mai sauƙi ce ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko mai layi a karkace irin wadda kake gani jikin wandon jins. Sannan za su ƙirga zare nawa ne cikin santimita ɗaya a tsaye da a kwance, wannan ne ke gaya maka yadin mai kauri ne ko lafiyayye. Wani lokaci ma za a ce ba zaren ɗinki sai ramukan allura, kamar a ƙyallayen da aka tono bakin kogin Thames a Landan, zaren lilin ne ya ruɓe ya bar sawunsa jikin ulu, da waɗannan ramukan ake auna tazarar ɗinkin.

A yi hattara da abin da ake kira "an sake ginawa". Rigar matan Vikin, mutanen arewacin Turai na da, mai igiya biyu a kafaɗa da ake ta ɗinkawa yanzu, ba a taɓa samunta cikakkiya ba, yawancin shaidar guntaye ne da suka maƙale bayan manyan maƙalai na ƙarfe a kaburbura irin na Birka a Suwidin, tsatsar ƙarfen ce ta hana su ruɓewa. Daga ɗan wannan ne masana suka yi ta hasashe, shi ya sa za ka ga fasali daban-daban kowa na cewa nasa ne daidai. Mayafin manyan Romawa ma da suke kira toga babu ko ɗaya da ya iso mu, daga gumaka da rubutu aka lissafo siffarsa.

Sai hotuna. Nan ne daɗin yake kuma nan ne aka fi faɗawa rami. Hoto ne zai nuna maka yadda ake sa kayan, me ke sama me ke ƙasa, ina ake ɗaura ɗamara, wane irin lulluɓi ake yi, abin da ƙyalle kwance cikin gilashi ba zai taɓa gaya maka ba. Amma ka tambayi hoton abu uku: yaushe aka zana, wa ya biya, kuma wa aka zana. Masu zanen zamanin tsakiya in za su zana labarin da ya faru shekara dubu kafin su, kayan zamaninsu suke sa wa mutanen, saboda haka shekarar zanen ce taka ba shekarar labarin ba. In kuma waliyyi ne ko mala'ika ko baƙo daga gabas, sau da yawa kayan ƙirƙira ake sa masa don a nuna shi daban ne, kada ka ɗinka irinsu ka ce haka ake yawo a kasuwar Paris. Ka fi mai da hankali kan mutanen gefe, mai riƙe da doki, mai ɗibar ruwa, mai yankan alkama. Littafin addu'o'in nan na Luttrell da aka yi a Ingila wajen 1330 cike yake da manoma a gefen shafuka, haka shafukan watanni na littafin addu'o'in Faransa mai suna Très Riches Heures na farkon ƙarni na 15, ko da yake su waɗannan manoman an wanke su fes don mai littafin basarake ne ba ya son ganin wahala.

Ɗauki hoton Arnolfini, na wani mutum da mace a tsaye, da Jan van Eyck ya zana a 1434, yana National Gallery a Landan kuma za ka iya zuƙo shi a shafinsu har ka ga gashin fatar da aka yi wa rigar shafi. Kusan duk wanda ya fara gani sai ya ce matar ciki ne da ita. Masana kuwa sun ce yadin ne ta tattaro ta riƙe a gaba, koren ulu mai nauyi da yawan gaske, yawan yadin shi ne nuna arziki, kuma tsayuwar turo ciki gaba ita ce yayin lokacin, za ka gan ta har a zanen waliyyai mata da ba su yi aure ba. Ba za ka gane haka daga hoto ɗaya ba, sai ka jera goma ko ashirin na yanki ɗaya da shekaru ɗaya ka ga me ke maimaituwa.

Labarin Eleonora ta Toledo, matar Cosimo de' Medici sarkin Florence, shi ne ya fi nuna amfanin haɗa shaida. Mai zane Bronzino ya zana ta wajen 1545 cikin wata riga fara mai manyan furanni baƙi da ruwan zinare, hoton na gidan tarihin Uffizi, kuma an daɗe ana yaɗa cewa da wannan rigar aka binne ta da ta rasu a 1562. Da aka zo aka yi aikin gyaran kayan kabarin a Florence, masaniyar tarihin sutura Janet Arnold na cikin waɗanda suka auna su, sai ga shi wata riga ce daban ta satin wadda ba ta kai waccan ado ba, da 'yar rigar ciki ta jan karan-miski da safa ta jan siliki saƙar hannu. Da aka koma takardun lissafin kayanta kuma ba a ga rigar hoton ba, har wasu masana na ganin ƙila ba a taɓa ɗinka ta ba, yadin kawai aka ba mai zane don a tallata saƙar Florence. Hoton da kowa ya sani kenan, kabari da takarda suka ƙi goyon bayansa.

Rubuce-rubuce su ne mutane suka fi gudu don ba hoto, amma su ke ba ka farashi da suna da doka. A shekara ta 301 sarkin Rum Diocletian ya fitar da dokar ƙayyade farashi, a ciki fam ɗaya na silikin da aka rina da shunayyar katantanwar teku dinari 150,000 ne, shi kuwa leburan gona dinari 25 a rana, yi lissafi da kanka, aikin kwana 6,000 kenan. A sansanin sojojin Rum na Vindolanda da ke arewacin Ingila an tono wasiƙa a kan ɗan siririn allo, wani ya aika wa soja safa da takalma da ɗan kamfai biyu, abin da ba gunkin da zai nuna maka. Akwai wasiyyoyi, da lissafin kayan gado, da wasiƙun 'yan kasuwa irin na Francesco Datini na Prato wanda ya rasu a 1410 ya bar wasiƙu wajen 150,000.

Dokokin hana ƙawa kuma a juye ake karanta su. A 1363 majalisar Ingila ta ce masu huɗa da makiyaya da duk wanda dukiyarsa ba ta kai sule 40 ba kada ya sa komai sai yadi mai arha, cikin shekara biyu aka soke dokar. In ka ga hukuma na hana abu, to ana yinsa ne, in ka ga ta sake hanawa bayan shekara goma to ba wanda ya ji.

In bincikenka ya kai ƙarni na 16 ka huta, kaya sun yi yawa. Akwai Matthäus Schwarz, akawun gidan attajiran Fugger a Augsburg, mutumin nan daga 1520 har 1560 yana sa a zana shi duk lokacin da ya yi sabuwar shiga, hoto 137, da kwanan wata da bayanin yadi, har da wata riga da ya ce an yi mata tsaga 4,800, kai har tsirara ya sa aka zana shi gaba da baya da ya ga ya yi ƙiba. Akwai littafin tela Juan de Alcega da aka buga a Madrid a 1580, yana nuna yadda za a shimfiɗa yanka a kan yadi don kada a yi asara, amma bai koya ɗinki ba don ya ɗauka kai tela ne. Nan ka kula da ma'auni, nasa ma'aunin na Kastil wajen santimita 84 ne, na Ingila da ake auna yadi da shi inci 45, na Flanders inci 27, in ka ɗauki wannan a matsayin wancan rigar yaro za ka fitar.

Rini ma yana taimakawa wajen gane zamani. Shuɗinsu daga wani ganye ne da ake nomawa sosai a yankin Toulouse da Erfurt, kuma sinadarin da ke cikinsa shi ne dai na babanmu na marina, a jiƙa a bari ya ruɓa, a tsoma yadi ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi, wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi a Ƙofar Mata ya ga aikin da idonsa. Ja kuma daga saiwar wani tsiro, mai tsadar daga wani ɗan ƙwaro da ke kan itace a yankin Bahar Rum, sai bayan Sifaniyawa sun ci Meziko a 1521 ne jan ƙwaron Amurka ya shigo. To in gwaji ya nuna wannan jan a jikin ƙyalle, ka san ba na ƙarni na 14 ba ne ko me aka rubuta a kai. Irin wannan ne da maɓalli mai rami, sai ƙarni na 13 ya bayyana, kaya masu kama jiki kuma suka yi ƙarfi daga wajen 1340. Wanda ya iya Larabci kuma yana da wata riba da bai sani ba: alkyabbar Roger na biyu sarkin Sisili da ke Vienna, jan siliki da zakuna sun danne raƙuma, a bakinta rubutun Kufi ne ya faɗi inda aka yi ta da shekarar Hijira 528, wato 1133 zuwa 1134, kuma yadudduka masu rubutun Larabci irin haka suna da yawa a taskokin cocin Turai.

Wajen nema kuwa, ka tafi shafukan gidajen tarihi kai tsaye. Metropolitan na New York ya saki dubban ɗaruruwan hotuna kyauta tun 2017, V&A na Landan da Rijksmuseum na Amsterdam su ma za ka iya tacewa da shekara da gari da irin yadi, Gallica na Faransa yana da littattafan hannu shafi-shafi, Internet Archive na da tsofaffin bugu. JSTOR na barin ka karanta maƙala 100 a wata in ka yi rajista, mujallar Archaeological Textiles Review kuma kyauta take a intanet. In ka haɗa da kalmar "extant" a wajen nema zai fi kawo maka kayan da suka tsira maimakon na kanti. Hotunan masu nauyi ne, ka sauke su lokacin da ka samu wayifai ka adana. Tsofaffin littattafan sutura na ƙarni na 19 masu zane mai kyau ɗin nan da ke yawo ko'ina saboda ba haƙƙin mallaka, ka yi amfani da su don gano asalin hoton kawai, masu sake zanen sun gyara ƙugu da fuska sun mai da su irin kyan zamaninsu. Hular Vikin mai ƙaho ma ai daga masu ɗinka kayan dandamali na ƙarni na 19 ta yaɗu.

Duk hoton da ka ajiye, ka rubuta masa abu biyar a littafi ko a Excel: mene ne, daga ina, wace shekara, wane gidan tarihi, da lambar da suka ba shi. Hoton da ba shi da waɗannan ka sa shi gefe har sai ka gano asalinsa da Google Lens. Lambar nan ita ce za ka rubuta in ka aika wa ma'aikatan gidan tarihin imel kana tambayar tsawon hannu ko yadda cikin rigar yake, a taƙaice cikin ladabi, wasu na amsawa har su turo hoton da ba a sa a shafi ba.

Daga nan sai ka sayi akoko mai arha ka yanka ka harhaɗa, ka sa wa mutum ya ɗaga hannu ya durƙusa ya zauna. A nan za ka gane me ya sa aka sa ƙyallen hammata a inda aka sa shi, ko kuma ka gane ka fahimci hoton a karkace don hannun ya ƙi ɗaguwa. Akoko ba ya zuba kamar ulu mai nauyi, don haka kada ka yanke hukunci kan faɗuwar rigar da shi, yankan kawai kake gwadawa. Duk inda shaida ta ƙare ka cike da hasashe, kamar bayan rigar da hoton bai nuna ba ko launin shafi, ka sa alama da jan biro a takardarka ka rubuta "nan ni na ƙaddara", don wanda zai ɗauki aikinka gobe ya san inda zai sake dubawa.